Amsoshin Tambayoyinku: Sony RX100 VII ko Canon G7 X Mark III, Wacce Za a Sa a Aljihu?

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan ƙananan kyamarori ne, irin waɗanda ake jefawa a aljihun riga ko ƙaramar jaka, kuma sunaye biyu ne ke ta maimaituwa a cikinsu. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci, domin sauran duk a kan amsarta suka jingina.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai yara uku, babbansu shekararsa bakwai. Hotunan da nake ɗaukarsu da waya da rana suna yin kyau, amma da zarar rana ta faɗi, ko muna cikin ɗaki, sai hoton ya fito dishi-dishi, musamman idan suna wasa. Ina son ƙaramar kyamara, ba babba mai rataya a wuya ba. Na tsaya a kan guda biyu, Sony RX100 VII da Canon PowerShot G7 X Mark III. An ce min Sony ɗin ce gaba tunda ta fi tsada. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya yaran. Maganar tsada gaskiya ce, tun ranar da aka fito da su Sony ta fi Canon kuɗi. Sai dai abin da ake biyan ƙarin kuɗin dominsa ba shi ne maganin matsalar da kika kawo ba, kuma ina so ki gane haka tun kafin ki ciro ko sisi.

Akwai wurare da yawa da suka yi kunnen doki. Dukansu a watan Yulin 2019 aka sanar da fitowarsu. Farantin da ke karɓar haske a cikinsu, wanda ake kira sensa, girmansa ɗaya ne, milimita 13.2 a tsawo da 8.8 a faɗi, mai megafiksel 20.1. Nauyin Sony giram 302 ne tare da batir da katin memori, na Canon 304. Kaurin kowacce ya ɗan haura santimita 4. Kowacce tana da filasha a jikinta, da allo mai ɗagowa har ya fuskanci mai ɗauka, da ramin sa makirufo, kuma dukansu suna ɗaukar bidiyon 4K. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk ɗaya ne.

Inda suka rabu shi ne gilashin gaba. Abu biyu ake tambaya game da gilashin kyamara: nisan da yake iya zuƙowa, da yawan hasken da yake bari ya shiga. A kyamara mai wannan ƙanƙantar ba a samun biyun a cike, dole a rage ɗaya don a ƙara ɗayan, kuma kowane kamfani ya zaɓi nasa. Gilashin Sony yana tashi daga milimita 24 zuwa 200, na Canon daga 24 zuwa 100 ya tsaya. Ke nan Sony ta ninka Canon wajen jawo abu mai nisa. A fannin haske kuwa al'amarin ya juya. Za ki ga an rubuta f/2.8-4.5 a gaban Sony, an rubuta f/1.8-2.8 a gaban Canon. Ki ɗauki wannan lambar kamar faɗin tagar ɗaki, sai dai ƙaramar lamba ita ce babbar taga. Idan ba a zuƙo ba, tagar Canon tana shigar da haske kusan ninki biyu da rabi na abin da Sony ke samu. Idan aka zuƙo zuwa milimita 100, Canon tana kan f/2.8, Sony kuwa ta riga ta tsuke ta kai f/4, tazarar dai tana nan ninki biyu.

Ga yadda wannan ya shafi yaranki. Duk lokacin da kika danna, kyamara tana buɗe murfinta na ɗan wani lokaci don haske ya shiga. Idan hasken ɗakin ya yi ƙaranci, sai ta daɗe a buɗe. Yaro ya juya kai ko ya ɗaga hannu a cikin wannan ɗan lokacin, sai fuskar ta goge. A ɗakin da Canon za ta iya rufewa cikin kashi ɗaya bisa 125 na daƙiƙa, Sony tana buƙatar kusan kashi ɗaya bisa 50 kafin ta tara haske daidai da hakan. Ɗaya bisa 125 yana tsayar da yaron da ke zaune yana wasa. Ɗaya bisa 50 sau da yawa ba ya tsayar da shi. Sony tana iya kai wa wannan saurin, amma sai ta ɗaga lambar ISO, wato ta ƙara wa sensa ƙarfin ji, kuma ladan hakan shi ne ɗigo-ɗigo a wuraren duhu da dusashewar launin fata.

Mai sayarwa zai iya ce miki ai dukansu suna da na'urar hana girgiza. Suna da ita, tana kuma aiki. Amma girgizar hannunki take gyarawa. Ba ruwanta da motsin yaro.

To me ya sa Sony ta fi tsada? Ban da nisan zuƙowa, babban abin da take taƙama da shi shi ne saurin kama abin da ake son ɗauka. A kan sensarta akwai maki 357 da ke auna nisan abu kai tsaye, su gaya wa gilashi inda zai tsaya. Tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya yi, tana kuma ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya tana sake saiti, wato daidaita gilashi a kan abin da ake ɗauka, a tsakaninsu. Canon ba ta da irin waɗannan makin. Ita tana matsar da gilashi ne gaba da baya har sai ta ga inda hoton ya fi fitowa rangaɗau, sannan ta tsaya. Ga wanda ke zaune ko yake tafiya a hankali, ba za ki ji bambanci ba. Ga yaron da ya taho da gudu ya nufo ki a fili, Canon takan makara, Sony kuwa da wuya ta kuskure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ɓoye miki shi ba don ina son ki sayi ɗayar.

Saboda haka kafin ki yanke shawara, ki buɗe wayarki ki duba hotunan nan da suka ɓata miki rai, ki ƙara girmansu. Dishi-dishi iri biyu ne. Idan kujera da bango sun fito sosai, jikin yaron ma ya fito, amma hannu ko fuska sun ja layi kamar an shafa, wannan ƙarancin haske ne, gilashin Canon kike buƙata. Idan kuwa yaron gaba ɗayansa ya yi laushi ba tare da jan layi ba, abin da ke bayansa ya fito tsaf, to saiti ne ya kuskure, nan ne Sony ke da amfani. Yadda kika bayyana matsalarki, da rana lafiya lau, sai rana ta faɗi, na fi zaton irin na farko za ki tarar. Idan haka ne, Canon ce taki, ragowar kuɗin ki sayi batir na biyu da kati mai kyau.

Akwai wata ta uku da ba ki ambata ba, wadda ya kamata ki nema idan tana samuwa: Sony RX100 VA, ta shekarar 2018. Gilashinta f/1.8-2.8 ne kamar na Canon, kuma tana da irin makin auna nisan nan, guda 315. Abin da ta rasa shi ne nisa, a milimita 70 take tsayawa, allonta kuma ba na taɓawa ba ne. Ga uwa mai ɗaukar yara a cikin gida, a ganina wannan haɗin ya fi na duka biyun da kika kawo dacewa.

Kowacce kika saya, kada ki bar ta a kan saitin da take yanke komai da kanta idan kina cikin ɗaki, domin a nan takan zaɓi jinkiri don ta kauce wa ɗigo-ɗigo. Ki juya maɓallin sama zuwa Tv a Canon, ko S a Sony, ki sa 1/125 idan yara na zaune, 1/250 idan suna tsalle-tsalle, ki bar ISO ta daidaita kanta. Kada ki zuƙo a cikin ɗaki, ki taka ki matsa kusa, saboda kowane zuƙowa yana tsuke tagar. Ki kuma tsaya ta yadda fitila ko taga za ta haska fuskar yaron, ba ƙeyarsa ba. Hoto mai ɗan ɗigo-ɗigo wanda fuska ta fito ana ajiye shi har yaron ya girma ya gani. Wanda fuska ta goge ba abin da za a iya yi masa.

Tambaya: Malam, wayata megafiksel 108 gare ta. Waɗannan kyamarorin da ake ta yabo 20 kacal. Ba koma baya ba ne in saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka duba hoton da wayarka ke ajiyewa idan ba ka taɓa saitin komai ba, galibi za ka tarar megafiksel 12 ne. Ƙwayoyin da ke kan sensar irin wannan wayar ƙanana ne ƙwarai, faɗin kowacce bai kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya bisa dubu na milimita, don haka wayar ke haɗa tara-tara su zama ɗaya. A kan sensar kyamarorin nan biyu faɗin kowace ƙwaya kusan maikuromita 2.4 ne. Kuma megafiksel 20, wato ɗigo 5472 a tsawo da 3648 a faɗi, sun isa a buga hoto a takarda mai girman A3 ya fito tsaf. Batun yawan megafiksel ka cire shi daga lissafi.

Amma tambayarka tana da gaskiya ta wata fuskar. Wayoyin zamani suna ɗaukar hotuna da yawa a danna ɗaya, su haɗa su, su fitar da guda mai tsabta. Idan abin da kake ɗauka ba ya motsi, kamar gini da dare ko faɗuwar rana, kuma ba ka zuƙo ba, babbar waya tana iya kamo waɗannan kyamarorin, wani lokaci ma hotonta ya fi burge ido a kan allo. Akwai wayoyi, irin su Xiaomi 12S Ultra ta 2022, da babbar sensarsu ke ajin girman ta waɗannan kyamarorin.

Kyamara tana yin gaba ne a wurare ƙalilan, amma masu muhimmanci. Zuƙowarta da gilashi ne, a kan babbar sensa, a kowane mataki, alhali waya ko dai ta yanko tsakiyar hoto ta faɗaɗa, ko ta koma kan ƙaramin ido mai ƙaramar sensa. Filashar kyamara walƙiya ce ta gaske mai tsayar da motsi, ta waya kuwa 'yar fitila ce. Fatar mutum da gashi suna fitowa yadda suke, ba tare da gogewar da manhajar waya ke yi musu ba. Idan ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke damunka, ka riƙe wayarka. Kyamarar da aka saya aka bari a durowa saboda waya ta fi kusa da hannu asarar kuɗi ce, kuma hakan na faruwa da mutane da yawa.

Tambaya: Na yi ritaya daga aiki, yanzu ina yawan tafiye-tafiye, ina kuma son ɗaukar gine-gine, tsaunuka da tsuntsaye. Idona ya fara rauni, ba na ganin allon waya sosai a cikin rana. Ɗana ya ba ni shawarar Canon G7 X Mark III don an ce ta fi sauƙin sarrafawa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ɗanka bai yi kuskure ba game da sauƙi. Allon Canon ana taɓa shi a shiga ko'ina kamar na waya, jerin saitinta a fili yake, tana da ɗan tudun roba a gaba da yatsu ke kamawa, da maɓalli na musamman a sama na ƙara haske ko rage shi. Jerin saitin Sony yana da yawa da rikitarwa, ba a kuma shiga cikinsa ta taɓa allo, jikinta kuma sumul ne mai santsi. Duk da haka, Sony nake ba ka shawara, saboda dalilai biyu da ka faɗa da bakinka.

Na farko idonka. Sony tana da 'yar tagar leƙe da ke ɓoye a jikinta, a danna ta fito, mutum ya kafa ido a kai ya ga hoton a cikin inuwa komai ƙarfin rana. A jikin tagar akwai ɗan maɓallin daidaita ƙarfin gani, ka juya shi sau ɗaya har rubutun ciki ya fito maka sosai, shi ke nan. Masu matsalar ganin kusa da yawa suna iya amfani da ita ba tare da tabarau ba. Canon G7 X Mark III ba ta da wannan tagar sam, kuma ba wurin da za a ɗora mata wata. Ƙari a kan haka, kyamarar da aka manna a fuska ta fi wadda aka miƙa hannu da ita tsayuwa, abin da ke da muhimmanci idan an zuƙo nesa.

Na biyu nisa. Milimita 200 za su kawo maka zanen da ke saman dogon gini, da kan dutse, da babban tsuntsun da ya sauka ba nesa ba. Milimita 100 ba za su yi ba. Tunda yawancin hotunanka a waje ne da rana, ƙarancin hasken gilashin Sony ba zai taɓa ka ba. Sai dai game da tsuntsaye kada ka sa rai da yawa. Masu ɗaukar ƙananan tsuntsaye da gaske suna amfani da milimita 400 zuwa 600, kuma gilashi irin wannan mai babbar sensa ba ya shiga aljihu. Ɗan ƙaramin tsuntsu a saman bishiya zai fito maka ƙarami ko da Sony.

Idan sauƙin Canon ya fi kwanta maka, akwai 'yar'uwarta G5 X Mark II da suka fito tare a 2019. Tana da tagar leƙe, gilashinta f/1.8-2.8 ne, yana kaiwa milimita 120.

Abu biyu ka tanada kafin tafiya. Batiran nan ƙanana ne. A ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, Sony tana ɗaukar kimanin hoto 260 a caji ɗaya, Canon 235, kuma yawan kallon hotuna a allo yana cinye shi da wuri. Batir ɗaya ba ya kai mai yawo yini. Sannan ka sa mata igiyar hannu, ka kuma nemi ɗan marikin roba da Sony ke sayarwa daban ana manna shi a gaba. Ba ɗaya daga cikinsu da aka yi wa kariyar ruwa ko ƙura, don haka idan ka gama ɗauka ka kashe ta ta koma cikin jakarta.

Tambaya: Ina yin gajerun bidiyo ina magana ina fuskantar kyamara, wani lokaci ina ɗaga kaya ina nunawa. Ƙawayena duk Canon G7 X suke yabo. In bi su?

Amsa: Ƙanwata, abin da ƙawayenki ke yabo gaskiya ne. Launin fatar da Canon ke fitarwa yana da daɗin kallo ba tare da gyara ba, gilashinta mai haske yana taimakawa a cikin ɗaki ya kuma ɗan dusar da abin da ke bayanki, tana da matatar rage haske a ciki wadda ke sa motsi ya tafi sumul a rana, an kuma fito da ita da damar watsa shiri kai tsaye zuwa YouTube. RX100 VII ba ta da wannan matatar.

Matsalar tana wurin ɗaga kayan nan. Idan kika kawo abu gaban kyamara sannan kika janye shi, dole saiti ya bar fuskarki ya koma kan abin, ya sake dawowa. Nan ne irin saitin Canon ke yin kai-kawo, mai kallo ya ga hoton yana numfashi na ɗan lokaci. A hoto ɗaya ba a damuwa, a bidiyo kuwa yana bayyana. Don irin aikinki Sony ta fitar da ZV-1 a 2020: girman sensa ɗaya, gilashi mai haske f/1.8-2.8, matatar rage haske a ciki, allo mai buɗewa gefe, da wani saiti da aka yi takanas don nuna kaya. Ba ta da filasha, ba ta da tagar leƙe, wanda ke nufin idan hoto ne rabin aikinki, musamman hoton dare da filasha, Canon ta fi ta. Idan bidiyo ne kusan duka, ZV-1.

Ki sani kuma ƙananan jikin nan suna ɗaukar zafi a 4K. Canon tana yanke kowane ɗauka kafin ya cika minti 10. Ga gajeren bidiyo ba matsala, kuma 1080 ya ishi yawancin abin da ake kallo a waya. Katin memori ki nemi mai alamar U3, in ba haka ba 4K zai iya ƙin ɗaukuwa ko ya tsaya a tsakiya.

Tambaya: Malam, na nemi sababbi na rasa, inda na samu kuma kuɗin ya fi ƙarfina. Ko dai in sayi ta hannu, ko in koma kan ƙanana masu araha irin Canon IXUS 285 HS ko Sony W830. Me ka gani?

Amsa: Wahalar samun da ka sha tana da dalili, ɗan'uwa. A 2010 kamfanonin da ke cikin CIPA sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a duniya. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, kamfanoni suka rage ƙera su suka koma kan manya. Daga baya matasa suka sake waiwayar su, G7 X ta yi farin jini a TikTok, masu nema suka fi kayan yawa. Shi ya sa kyamarar 2019 har yanzu take da tsada.

Waɗannan masu arahar da ka ambata wani aji ne daban. Sensarsu kusan milimita 6.2 ce da 4.6, wato wajen kashi ɗaya bisa huɗu na faɗin ta waɗanda muke magana a kai, gilashinsu kuma ba shi da haske. Da dare, idan ba da filasha ba, waya mai matsakaicin kyau za ta fi su. Abin da suke da shi shi ne sirantaka, domin su kam har aljihun wando suna shiga, da zuƙowa da rana, da filasha ta gaske. Idan tsakaninsu ne, IXUS 285 HS, wadda a Amurka ake kira ELPH 360 HS, ita ce gaba ba tantama. Ta fito a 2016, tana zuƙowa ninki 12, daga milimita 25 zuwa 300, tana ɗaukar bidiyon 1080, tana kuma tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi. W830 ta 2014 ce, ninki 8, bidiyonta 720, ba ta da Wi-Fi, sensarta kuma tsohon samfuri ne mai jinkiri da saurin yin ɗigo-ɗigo.

Ni dai da za ka ji tawa, ta hannu mai babbar sensa ta fi sabuwa mai ƙaramar sensa, ko da tsohon samfuri ne. RX100 ta farko tun 2012 ta fito, kuma RX100 III ta 2014 da G7 X Mark II ta 2016 har yau hotonsu bai yi nisa da na sababbin ba. Abin da aka fi ƙarawa a 'yan shekarun baya sauri ne da bidiyo.

Amma kada ka biya sai ka riƙe ta a hannunka ka gwada, ko an ba ka sharaɗin mayarwa. Gilashin waɗannan kyamarorin yana fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa. Ka kunna ka kashe sau da dama, ka saurara: ya fita sumul, ba gurnani, ba tsayawa, ƙananan fukafukan da ke rufe gabansa su buɗe duka su rufe duka. Ka zuƙo har ƙarshe ka dawo. Daga nan ka juya maɓalli zuwa A ko Av, ka sa f/11, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka ƙara girman hoton ka bi shi lungu-lungu. Duk baƙin tabon da ka gani a wuri ɗaya a hotuna biyu ƙura ce a kan sensa, kuma a irin waɗannan kyamarorin ba a cire gilashi a goge, sai mai gyara ya kwance ta gaba ɗaya. Ka ɗauki shafin jarida daga gaba sak, ka duba ko kusurwoyin nan huɗu sun fito daidai da juna. Idan gefe ɗaya ya fi sauran dusashewa sosai, alama ce ta taɓa faɗuwa. Ka ɗaga allon ka sauke a hankali kana kallo ko zai yi ƙyafta, domin siririyar wayar da ke bayansa tana gajiya. Ka harba filasha, ka fito da tagar leƙe idan tana da ita, ka sa caja ka ga tana karɓa.

Batirin da ka tarar a ciki kuwa ka ɗauka ya gaji. Ka ciro shi ka ɗora a kan tebur, idan ya kumbura har yana juyawa, kada ka mayar da shi. Na Sony sunansa NP-BX1, na Canon NB-13L, dukansu har yanzu ana samun sababbi, sai ka sa kuɗin guda ɗaya cikin lissafinka tun kafin ku daidaita da mai sayarwa.